Daga Accra zuwa Landan nisan nawa ne, kuma tsohuwa za ta iya?

Rabi_Mamobi:
Assalamu alaikum jama'ar Zango. Don Allah wanda ya san kan tafiyar jirgi ya fitar da ni daga duhu. Yayata da ke aure a Landan ta sauka lafiya, an samu 'ya mace, kuma bizar Mma, mahaifiyarmu, ta fito, za ta je ta zauna da ita har a yi arba'in. Mma ta haura saba'in, tana da ciwon suga, ga ciwon gwiwa. Tafiya mafi nisa da ta taɓa yi a jirgi ita ce ta aikin Hajji. Mai sayar mana da tikiti ya kawo hanya biyu, ɗaya kai tsaye mai tsada, ɗaya kuma ta Addis Ababa mai sauƙi, ya ce duk ɗaya ne. Kawuna kuma ya dage wai Landan ta ninka Makka nisa, kada a wahalar da tsohuwa, a bar ta a gida. Ni dai kaina ya ɗaure. Tsakanin Accra da Landan nisan nawa ne a gaskiya? Awa nawa mutum zai yi a sama?

Baban_Sadik:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah Ya raya. Kai tsaye awa shida da rabi ne zuwa bakwai. Na yi ta sau uku. Jirgin dare muka shiga, da asuba mun sauka.

Hajiya_Fadama:
Allah Ya raya mana, Ya ba mai jego lafiya. 'Yata, ki gaya wa kawunki ya kwantar da hankalinsa. Wadda ta yi ɗawafi da safa da marwa, ta kwana a Muzdalifa, zama a kujera ba zai gagare ta ba.

Ticha_Aminu_Madina:
Rabi, barka. Bari in ba ki lissafin yadda ke da kanki za ki iya gwada shi, ba sai kin dogara da bakin mai tikiti ko na Kawu ba. Faɗin zagayen duniya kusan kilomita 40,000 ne. An raba wannan zagaye gida 360, kowane gida ana ce masa digiri, don haka digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ke nan. Accra tana kan digiri 5.6 arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya kudu da arewa. Landan tana kan digiri 51.5. Ki cire ƙarami daga babba, saura kusan 46. Ki ninka 46 da 111, za ki samu kilomita 5,100 da ɗan kai. Nisan ke nan.

Abin da ya sa lissafin ya zo da sauƙi haka shi ne Accra da Landan suna kan layi ɗaya, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ba gabas za a yi ba, ba yamma ba, arewa sak. Da a ce wani birni ne kamar Riyad ko Washinton, sai an shiga lissafi mai wuya.

Game da maganar Kawu kuwa, daga Accra zuwa Jidda kusan kilomita 4,600 ne, zuwa Madina kusan 4,700. Kin ga Landan ta fi su, amma da kilomita ɗari huɗu zuwa biyar kawai, abin da jirgi ke cinyewa cikin rabin awa da 'yan mintoci. Batun ninki bai taso ba.

Dan_Tema:
Ticha ya faɗi gaskiya. Layin da yake magana a kai ta garinmu ya ratsa. Layin Girinwich, wanda ake ƙirga agogon duniya daga kansa, ya taso daga Landan ya bi ta Faransa, Sifaniya, Aljeriya, Mali, Burkina Faso, ya ɗan taɓa Togo, ya shigo Ghana ya faɗa teku a Tema. Shi ya sa komai a Tema za ka ji an sa masa Meridian, sunan layin da Turanci. Muna yara in an kai mu bakin ruwa ana nuna mana wani dutse cikin teku a ce layin ta nan ya bi.

Mai_Goro_Alabar:
Ni fa ban gamsu ba. Ɗana ya duba min a waya ya ce dubu uku da wani abu ne. Yanzu Ticha ya ce dubu biyar. Wanne za mu kama?

Ticha_Aminu_Madina:
Alhaji, duka biyun daidai ne, mudun ne ya bambanta. Abin da yaronka ya gani mil ne. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, to kilomita 5,100 ya zama mil 3,170 ko kusa da haka. Akwai ma mudu na uku, wanda matuƙan jirgin sama da na ruwa suke aiki da shi, shi milinsu kilomita 1.852 ne, a wurinsu nisan zai fito kusan 2,750. Kamar goro ne, ko ka ƙirga da ƙwarya ko ka ƙirga da huhu, goron bai ƙaru ba bai ragu ba.

Mai_Goro_Alabar:
To yanzu na ji. Allah Ya ƙara sani, Malam.

Injiniya_Asawase:
Kowa ya tsaya kan kai tsaye, an bar ainihin tambayar Rabi. Mutumin da ya ce mata duk ɗaya ne bai yi mata adalci ba. Addis Ababa tana gabas da mu da nisan kusan kilomita 4,300. Daga can zuwa Landan kuma kusan 5,900. In an haɗa, kilomita dubu goma da ɗoriya. Wato Mma za ta yi awa biyar zuwa shida tana tafiya gabas, ta sauka a garin da ya fi Accra nisa da Landan, sannan ta fara tafiyar da ta fito yi, awa bakwai zuwa takwas. Ban sa zaman jira a filin jirgi ba. A nan ne maganar Kawu ta ninki za ta tabbata, amma ba laifin Landan ba ne, hanyar ce aka zaɓa.

Ban ce hanyar ba ta da kyau ba. Ni da kaina na bi ta lokacin da zan je Indiya, kuma ga mai zuwa gabas ita ce a kan hanya. Amma ga mai zuwa Landan, tamkar mutumin Kumasi ne zai je Tamale ya fara biyawa ta Aflao.

Zulai_Tottenham:
Anti Rabi, ni a nan Landan nake, shekara tara. Surukata ta zo bara, kuma don a rage kuɗi aka yanka mata tikiti mai yada zango. Jirgin farko ya makara, na biyu ya tafi ya bar ta. Ba ta jin Turanci, wayarta ba ta aiki a can, maganin hawan jininta yana cikin babban akwati da aka riga aka shigar. Muna tsaye a Heathrow, filin jirgin Landan, har mutanen jirgin suka gama fitowa, ba ita ba labarinta. Wallahi ban taɓa ganin mijina ya yi kuka ba sai ran nan. Sai washegari wata baiwar Allah 'yar Nijeriya ta ji tana salati da Hausa, ta ara mata waya. Ta iso lafiya, amma ta yi sati ƙafafunta a kumbure. Kuɗin da muka ce mun rage, ban ga amfaninsa ba. In da hali ku haɗa hannu ku saya mata kai tsaye.

Baban_Sadik:
Subhanallahi. Allah Ya saka wa matar nan da alheri.

Sani_Circle:
Ku yi haƙuri, amma ba kowa ne ke da halin kai tsaye ba. Wani lokaci bambancin kuɗin ya kai jarin mai shago. Mu ma iyayenmu suna tafiya. Akwai hanyoyin da ba su kai ta Addis zagaye ba. Ta Kasablanka misali, kusan a kan hanya take: daga nan zuwa can kamar kilomita 3,200, daga can zuwa Landan kamar 2,100. Jimla 5,300, ɗan abin da ya ƙaru kaɗan ne. Ta Istanbul kuma kusan 4,900 sai a ƙara 2,500. Ta tambayi mai tikitin ya duba mata waɗannan kafin ta yanke hukunci.

Injiniya_Asawase:
Na yarda da kai, Sani. Amma a duba lokacin tashi da tsawon jira, don tsoho ba kilomita ke kayar da shi ba, zaman benci ne da hawa da sauka.

Lauya_Kanda:
Wani abu da ba a ambata ba. In hanyar za ta bi ta wata ƙasar Turai kamar Holan, Faransa, Beljiyam ko Fotugal, a sani cewa Ghana tana cikin jerin ƙasashen da ake nema wa 'yan ƙasarsu bizar wucewa ta filin jirgi a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ko da mutum ba zai fita waje ba. Akwai waɗanda aka ɗauke wa, kamar mai riƙe da bizar Amurka ko Kanada. Ingila kuwa ta fice daga Tarayyar Turai, don haka kada a ɗauka bizarta kaɗai ta wadatar. A tambayi ofishin jakadancin ƙasar kafin a biya ko pesuwa ɗaya.

Rabi_Mamobi:
Innalillahi, ni wannan ban taɓa ji ba. Na gode Lauya. Anti Zulai, labarinki ya sa jikina ya yi sanyi.

Kaka_Sabon_Zango:
Ina karanta ku jikana na taya ni rubutu. Ku yaran yanzu kuna ta cewa Accra, Accra. Mu da muka taso, iyayenmu Ankara suke ce wa garin nan. Mutum ya taso daga Kano ko Sakkwato ya ce za shi Ankara, kowa ya san bakin teku yake nufi. Kuma in kuna maganar nisa, ku tambaye mu. Mahaifina ya ba mu labarin ƙanen kakansa da ya tafi Hajji a ƙasa. Daga nan ya nufi Kano, ya wuce Barno, ya ratsa Chadi, ya shiga Darfur, yana tafe yana tsayawa yana noma da ɗinki don ya samu guzuri, har ya kai bakin Bahar Maliya ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekara bakwai kafin a sake ganinsa. Ya tafi da mata ɗaya da goyo, ya dawo goyon ya zama yaro mai kiwo, matar kuma an binne ta a Sudan. Da za su tafi sai da aka raba gadonsa a baki, don ba a sa ran dawowa. Yau ana cewa awa bakwai, har da abinci a kawo maka. Rabi, ki bar uwarki ta je ta ga jikarta.

Hajiya_Fadama:
Allahu Akbar. Baba, ka tuna mana da abin da muka manta. Allah Ya jiƙan magabata.

Dan_Tema:
Kaka, to ai babban birnin Turkiyya ma Ankara sunansa. Ticha, daga Ankararmu zuwa tasu nawa ne?

Ticha_Aminu_Madina:
Na lissafa, kusan kilomita 5,000 ne. Ka ga kusan daidai da Landan. Mutane da yawa suna zaton Istanbul ce babban birnin, don can jirgi ke sauka, kuma masallacin da aka kwaikwaya wajen gina Babban Masallacin Ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021, a can yake. Amma gwamnatinsu a Ankara take tun 1923. Haka ma Saudiyya: mu Jidda da Madina muka sani, amma babban birni Riyad ne, kuma daga nan zuwa Riyad kusan kilomita 5,400 ne. Wato in babban birni da babban birni za a gwada, Riyad ta fi Landan nisa da mu. Wannan sai a gaya wa Kawu a hankali.

Malam_Idi_Aboabo:
Tunda an zo maganar Hajji, Rabi, ki tuna wa Mma hukuncin sallarta, don tsofaffinmu abin da ya fi damunsu ke nan, ba gajiya ba. Nisan da ake ƙasaru a mazhabarmu ta Malikiyya mil 48 ne, kusan kilomita tamanin da 'yan kai, to tafiyarta ta wuce haka nesa ba kusa ba. In jirgin dare ne, ta yi magariba da isha'i kafin ta shiga, ta riƙe alwalarta in za ta iya. Asuba ce za ta iya riskarta a sama ko wajen sauka. In lokaci zai fita kafin a sauka, ta yi yadda ta samu iko, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Alƙibla kuma, tunda Ticha ya ce jirgin arewa yake fuskanta, tana hannun damanta. Maganar ko za ta ci gaba da ƙasaru a can ba ta taso ba, tunda ta yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu, da ta isa sai ta cika.

Zulai_Tottenham:
Gaskiya ne Malam. Kuma a nan alƙibla kudu maso gabas take, ba kamar gida da muke fuskantar gabas mu ɗan karkata arewa ba. Surukata ta yi kwana biyu tana gardama da mu kan wannan, sai da aka kai ta masallaci ta gani da idonta. Sannan lokutan salla suna yawo sosai. Da rani rana tana kaiwa ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba, da hunturu kuwa kafin ƙarfe huɗu an yi magariba.

Rabi_Mamobi:
To agogo fa? Awa nawa ne tsakaninmu?

Dan_Tema:
Babu ko minti ɗaya daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris. Sauran watannin suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya. Albarkar layin nan ne da na faɗa. Saudiyya kuwa awa uku take gabanmu, to ta wannan fuskar ma Hajji ya fi rikita barci.

Nas_Hawa_Tafo:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki kan lafiyarta. Zama wuri ɗaya awa shida ko bakwai yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga tsofaffi da masu jiki. A nema mata kujerar bakin hanya, ba ta taga ba, don ta riƙa tashi tana ɗan takawa. In tana zaune ta riƙa motsa ƙafa kamar mai taka keken ɗinki. Ta sha ruwa sosai, don na san halin iyayenmu, sai su ƙi sha don kada su nemi bayi. Maganinta duka a jakar hannu, cikin kwalinsa, da takardar likita. Ta riƙe dabino ko alewa saboda suga na iya faɗuwa in abinci ya makara. Ta ga likitanta kafin tafiya ya tsara mata lokutan magani. Kuma tun wajen yankan tikiti ku ce a rubuta mata keken turawa, ba a biyan komai. Za a tura ta tun daga inda ake auna kaya har ƙofar jirgi, a can ma a tarbe ta. Heathrow gari guda ne, tafiyar ƙafa daga jirgi zuwa wurin duba fasfo kaɗai ta ishi mai ciwon gwiwa.

Hajiya_Fadama:
Keken nan kam kada a yi wasa da shi. Sai dai ki lallashe ta, don wasu sai su ce su ba guragu ba ne.

Bashiru_Jamestown:
Ku ba ni dama in ɗan karkata. Tun da Ticha ya fara lissafi abin ke cina. Ni a Jamestown na girma, kusa da Brazil House. Mutanen da ake kira Tabom, kakanninsu daga Barazil suka dawo a jirgin ruwa a 1836, shekara ɗaya bayan tawayen da bayi Musulmi suka yi a Bahia cikin watan azumi na 1835. Cikin bayin Bahia akwai Hausawa da yawa, har sun shirya nasu tawayen tun 1807. Waɗanda suka sauka a nan ƙabilar Gã suka karɓe su suka ba su wuri, suka shahara da ɗinki da haƙar rijiya. Abin da nake so in sani, Barazil ɗin nan da ke tsallaken ruwanmu, nisanta nawa?

Ticha_Aminu_Madina:
Bashiru, tambayarka ta fi ta kowa daɗi a wurina. Daga Accra zuwa Brasilia, babban birninsu, kusan kilomita 5,800 ne. Ka ga bai fi Landan da wani abin kirki ba, da akwai jirgi kai tsaye da awa bakwai zuwa takwas ta isa. Amma wanda zai je yau sai ya zagaya. In ya bi ta Lisbon, zai yi kusan 3,800 zuwa arewa, sannan ya juyo kudu maso yamma ya yi kusan 7,300. Sama da dubu goma sha ɗaya ke nan, kusan ninki biyu. Abin yana min ciwo. Hanyar da aka bi aka kwashe kakanninmu a miƙe take, amma jikokinsu in za su gaisa sai sun bi ta ƙofar Turawa. Jirgi ba inda ya fi kusa yake zuwa ba, inda fasinja da kaya suke yake bi, su kuma hanyoyin cinikinmu tun zamanin mulkin mallaka arewa aka karkata su.

Sani_Circle:
Ai ko cikin Afirka haka ne. Lisbon da ka ce 3,800 ta fi Addis, inda hedikwatar Tarayyar Afirka take, kusa da mu. To Lisbon ce babban birnin Turai mafi kusa da Accra ke nan?

Injiniya_Asawase:
A'a, akwai Valletta ta tsibirin Malta, tana kusan 3,700. Amma maganarka tana nan. Alƙahira ma kusan 4,300 ce. Mutane ba su san girman Afirka ba, saboda taswirar da aka koya mana a makaranta tana kumbura ƙasashen da ke can arewa. Sai ka ga Girinlan kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta sau goma sha huɗu. A tafiyar Mma ma, fiye da rabin hanyar a saman Afirka za a yi ta. Sai an gama Ghana, an ratsa Sahel da hamada gaba ɗaya, kafin a ga Bahar Rum.

Baban_Sadik:
Wannan gaskiya ne. A dawowata da rana na zauna bakin taga, awa biyu ko fi ba abin da nake gani sai yashi ja. Na tuna masu ratsa wurin nan a bayan akori-kura suna neman Libiya, har da yaran unguwarmu biyu da har yau ba labari. Na kasa cin abincin da aka kawo.

Kaka_Sabon_Zango:
Allah Ya bayyana su. Allah Ya sanyaya zuciyar iyayensu.

Matuki_Gobe:
Ina karatun aikin jirgi, ina so in ɗan gyara wani abu. Kilomita 5,100 da Ticha ya faɗa nisan miƙe ne. Jirgi ba ya bin sa daidai. Akwai hanyoyi a sama da aka shata, akwai hadari da ake kauce wa, akwai ƙasar da za ta rufe samanta. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 sun rufe sararin samaniyarsu kusan wata guda, jirage da yawa tsakanin Turai da Afirka sai da suka zagaya. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 shi ma ya sa masu zuwa gabas kauce wa samanta, har da hanyar alhazai. Sannan gudun jirgi kusan kilomita 850 zuwa 900 ne a awa in ya daidaita a sama, amma hawa da sauka a hankali ake yi, wani lokaci a Landan sai an yi ta shawagi ana jiran layi. Shi ya sa awa shida ta lissafi take zama shida da rabi ko bakwai.

Iska ma tana da nata. A can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Wanda zai je Washinton daga nan, kusan kilomita 8,500, zuwansa ya fi dawowarsa daɗewa. Hanyar Landan da yake kudu da arewa ce, bambancin ba shi da yawa.

Ticha_Aminu_Madina:
Na karɓi gyara, ƙanina. Allah Ya sa wata rana kai za ka tuƙa mu.

Mai_Goro_Alabar:
Mu na Kumasi fa? An gyara mana filin jirgi, an sa masa sunan Prempeh na Ɗaya a 2024, amma da ɗiyata za ta tafi sai da muka kwana a hanyar Accra.

Injiniya_Asawase:
Alhaji, abin da zai ba ka mamaki, Kumasi ta fi Accra kusa da Landan da sama da kilomita ɗari, Tamale kuma da sama da ɗari huɗu. Muna gangarawa kudu ne mu hau jirgin da zai sake wucewa ta saman arewa. Alhazan arewa dai sun huta tun 2016 da aka fara ɗibarsu daga Tamale kai tsaye. Kafin nan sai tsoho ya taso daga Bawku ko Wa ya zo ya yi kwanaki a sansanin alhazai na Accra.

Zulai_Tottenham:
Anti Rabi, kafin in manta. Kada a sa mata kilishi ko wagashi ko wani abu na nama da madara a kaya. An hana shigowa da su, in an gani za a ƙwace, kuma tsohuwa za ta tsorata in aka tsayar da ita ana mata tambayoyi. Na san za ta so ta kawo wa mai jego kayan yaji da kanwa da garin kunu. A rubuta sunan kowane abu a jikin ledarsa. A rubuta mata lambar yayarki da adireshi a takarda ta sa a jaka, kada a dogara da waya. Da rigar sanyi a hannu, don cikin jirgin kansa akwai sanyi.

Sani_Circle:
Har yanzu dai ina kan bakana. In kuɗin kai tsaye zai sa ku ci bashi, ku duba ta Kasablanka, ku nemi wani mai tafiya ranar ku haɗa su. Zango ba a rasa matafiyi.

Hajiya_Fadama:
Ni kuma na ce uwa ɗaya ce. Bashin da aka ci don ita ba asara ba ne.

Lauya_Kanda:
Ku biyun kuna da hujja. Ni dai a tabbatar tikitin guda ne tun daga nan har can, ba guntu biyu daga kamfani biyu ba. In guda ne kuma jirgin farko ya makara, nauyin kai ta yana wuyan kamfanin.

Rabi_Mamobi:
Jama'a na gode, Allah Ya bar zumunci. Jiya da dare na karanta wa Mma duk abin da kuka rubuta, Kawu yana zaune. Da na zo kan lissafin Ticha ya ce a sake karanta masa, ya yi shiru, sannan ya ce shi dai a jikinsa Landan ta fi nisa, don Makka kowa ka gani ɗan'uwanka ne. Mma kuma labarin Kaka ne ya sa ta hawaye, ta ce ita ma an taɓa ba ta labarin wata gwaggonta da ta tafi a ƙasa ba ta dawo ba. Keken turawa ta ce sai ta yi shawara. Na yi waya da yayata, mijinta zai ƙara wani abu, ni da ƙanena za mu ga abin da za mu iya haɗawa zuwa Juma'a. In bai kai ba, za mu duba hanyar da Yaya Sani ya faɗa. Akwai wanda ya san mai tafiya Landan a makon farko na wata mai kamawa, mace in da hali?

Baban_Sadik:
Matar abokina tana shirin komawa, amma ban san ranar ba. Bari in tambaya bayan la'asar.

Bashiru_Jamestown:
Ticha, in ka samu sarari ka lissafa min zuwa Salvador ta Bahia kanta, ba Brasilia ba. Tunda tana bakin teku, ina jin za ta fi Landan kusa da mu.